Gwangwanin Ƙasar da Aka Aika Oklahoma

Bait Rummana, 9 ga Oktoba

Mitri, kafin gaisuwa riƙe wannan kacici-kacicin, in ga ko karatun Amerika ya rage maka sauran wayo. Na ƙetare teku ba fasfo. Can ana cire mini hula, nan gida ana yi mini kashi a ka. Wace ce ni? Ban yarda ka tambayi matarka ba.

To, yanzu gaisuwa. Daga kakarka Wadi'a, Umm Jiryis, zuwa ga jikanta mai manyan kunnuwa. Ina gaishe ka, ina gaida Lorin da jaririyar da kuka laƙa wa sunan da har yau bakina ya ƙi ɗauka. Lafiyata ƙalau, ban da gwiwar hagu da ke gaya mini ruwa na tafe tun kafin rediyo ta faɗa.

Ƙasa mai tsarkin da ka ce fastonku na so a zuba a harsashin sabuwar cocinku, na cika maka gwangwanin gahawa. Ƙanin Umm Taufik maƙwabciyata zai taho maka da shi. Ya ce in sun tambaye shi a filin jirgi zai ce yaji ne.

Yanzu buɗe kunnuwan nan, tun da Allah bai yi maka rowarsu ba. Maganar gonar kakanka Saliba ce, ta kwari, mai zaitun da itacen mishmish mai 'ya'ya masu zaƙi. Ka san katangar da hukumar Yahudawa ta gina ta bar ta a wancan gefen. Shekara biyu ke nan ban taka ta ba. Sau huɗu ina zuwa ofishin soja neman takardar wucewa ta ƙofar manoma. Zuwan ƙarshe wata mai tabarau ta dube ni ta gilashi ta ce, "Hajja, shekararki tamanin, noman me za ki yi?" Na ce, "To ku ba maƙwabcina takardar ya nome mini." Ta ce, "Ba sunansa a takardar gona." Na ce, "Mai sunan yana maƙabarta, in tono muku shi?" Ba ta yi dariya ba.

Akwai wata lauya Bayahudiya daga Urushalima da ke tsaya mana, sunanta Dalia, siririya, abincinta sigari. Ta ce akwai doka tun zamanin Turkawa, gonar da ta yi shekara uku ba huɗa hukuma na iya cewa ba ta da mai ita. A watan Maris za a zauna a kan tamu. Abin da take so hoto ne: gona an huɗe, mai gado tsaye a ciki.

Kai ne mai gadon. Ubanka Jiryis, Allah ya ji ƙansa, wayo ɗaya ya yi a rayuwarsa, ya haife ka a Amerika. Fasfonka shuɗi ne, ba ruwanka da ƙofarsu. Ka sauka a filin jirginsu, ka biyo ta Urushalima, ka shiga gonar ta can gefen. Dalia ta san mai alfadari da garma. Kwana biyu ya isa.

Ba kuɗi nake nema ba. Ƙafafunka nake so. Kuma kada ka kira ni a waya, kunnena ba ya kamawa, sai in yi ta cewa to, to, ban san me na amince da shi ba. Rubuto.

Kakarka.


Oklahoma, 2 ga Nuwamba

Sitti,

Kakata, ina sumbatar hannunki. Muna lafiya, Lorin na gaishe ki, yarinya ta fara rarrafe. Allah ya sawwaƙe miki gwiwa.

Gwangwani ya iso. Da ma kina nan ranar Lahadi. Fasto Randal ya ɗaga shi sama a gaban mutum fiye da ɗari huɗu, ya kira ni in faɗi inda ya fito. Na ce daga gonar kakana ne, a tuddan Baitalami, inda ƙila Ubangiji da kansa ya taka. Maza sun cire huluna, mata na ta share hawaye. Wata tsohuwa ta shafa gwangwanin ta shafa wa kafaɗarta, ta ce ciwon ya tafi. Washegari aka zuba ƙasar daidai inda bagade zai tsaya. Matar Fasto ta ce in tambaye ki, wane ɗan mishan ne ya kawo wa danginmu labarin Almasihu, kuma a wace shekara?

Maganar gona ta tsaya mini a rai, har na kai ta gaban Fasto. Ya zaunar da ni ya buɗe mini Littafi. Sitti, Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin ƙasar nan, shi da zuriyarsa ta wajen Ishaku, kuma alkawarin bai tashi ba. Dawowar Yahudawa cikinta alama ce cewa dawowar Ubangiji ta kusa. Wanda ya taimaka musu zai ga albarka, wanda ya tare musu hanya da Allah yake ja. Fasto ya ce Kirista ba ya kai ƙarar alkawarin Allah kotu, gadonmu yana sama. Na san da zafi. Ni ma na ji zafin. Amma ki yi tunani.

A watan Yuni za a naɗa ni mataimakin fasto, don haka ido na kaina. Na sa miki ɗan abu a ambulan, ki sayi maganin gwiwa.

Kacici-kacicinki kuwa, tattabara ce? Amma wa ke cire wa tattabara hula?

Jikanki, Mitri. Nan Mich suke ce mini.


Bait Rummana, 27 ga Nuwamba

Zuwa ga Mich, ko wane ne shi, ya miƙa wa jikana Mitri ɗan Jiryis ɗan Saliba.

Ina gaishe ku. Ina lafiya. Ruwan fari ya sauka shekaranjiya, gwiwata ta riga rediyo da kwana biyu. Duk wanda gonarsa ke wannan gefen ya fita da garma. Ni na hau soro ina shaƙar ƙamshin ƙasar mutane.

Ba tattabara ba ce. Sake tunani.

Ka gaya wa matar fastonka ba wanda ya kawo mana Almasihu. Mu muka tura muku shi. Daga ƙofata zuwa inda uwarsa ta haife shi rabin sa'a ce a kan jaki, in jakin ba na kakanka ba ne. Shekarar kuma ta lissafa da kanta, tana jikin kalandarta.

Na kai wasiƙarka wa Abuna Mikha'il, limamin cocinmu, bayan sujada, ya karanta har sau biyu yana jan gemu. Ya ce, "Umm Jiryis, duniya duka ta Allah ce. Da mu da su duk baƙi ne a kanta." Na ce, "Abuna, to me ya sa baƙo ɗaya ne ke riƙe da mabuɗi?" Ya ce in sha gahawata kada ta huce.

Ni aji uku na yi wajen sistoci, rabinsa ma a durƙushe saboda surutu. Amma Ibrahim ɗin nan na san shi, maƙwabcinmu ne shi ma. Ranar da matarsa ta rasu yana neman inda zai rufe ta, bai je ya ce wa masu gona ku tashi Allah ya ba ni ba. Ya gaishe su, ya yi ciniki, ya biya a gaban shaidu. Kabarin na nan a garin Halil, tafiyar sa'a ɗaya in hanya a buɗe take. Ka tambayi Fasto Randal ko wannan shafin ne ya yage a nasa littafin. Kuma in gadonmu yana sama, ka tambaye shi me ya sa nasa ɗin ya kewaye shi da waya, na gani a hoton da ka aiko bara, har da kare.

Kakanka shekara goma sha ɗaya yana ɗora duwatsun gonar nan mataki-mataki don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Ba siminti, hannu ne da ido. Mishmish ɗin bakin rijiya ranar da aka kawo mini kai ya dasa shi, kana shekara huɗu, kana kuka da Turanci. Ɓauren da ka faɗo daga kansa ka fasa haɓa yana nan. Shafa haɓarka ka ji, in ka manta.

Abin da ka sa a ambulan na ba Abuna ya sayi kyandir, a riƙa kunnawa saboda kunnuwanka. Girma har kafaɗa, ji babu.

Maris ba ta da nisa.

Kakarka.


Oklahoma, 15 ga Disamba

Sitti, barka da Kirsimeti. Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Wannan kati ne kawai, ina sauri. Albishirinki: ina tafe a watan Fabrairu, daga ranar takwas zuwa sha takwas. Zan yi aiki da hannuna a tudun garinmu, in ga kwarin kakana da idona. Cikakken bayani yana cikin wasiƙar da zan sa a baya.

Mitri.


Bait Rummana, 11 ga Janairu

Ja'irina,

Kyandir ɗin Abuna ya yi aiki. Na ce masa ya ƙaro wasu saboda gwiwa.

Muna lafiya. Katinka ya iso ana gobe Kirsimetinmu, wanda mu a Janairu muke yi, na tafi da shi coci cikin aljihu, kafin a tashi ba wanda bai gan shi ba. Umm Taufik ta ce, "Nawa jikokin uku ne a Chile, ko tari ba sa aiko mini." Na ce, "Ai ke kin raine su da madarar gwangwani, ni da ɓaure da bulala."

Na aika wa Dalia. Ta yi magana da mai alfadarin, sunansa Abu Yazan, zai jira ka a bakin kwari ranar sha biyu ga wata da sassafe. Ya ce Fabrairu ta yi latti amma ƙasa na da laima, garma za ta shiga. Kai ba sai ka riƙe garmar ba, na san hannunka ya zama na fasto. Ka dai bi bayansa kana tsince duwatsu kamar mutumin kirki. In an gama ka tsaya jikin ɓauren a ɗauke ka hoto, don ɓauren yana cikin tsohon zanen gonar, da shi za a gane ita ce. Ka cire hular Amerika a ga fuskar Saliba.

In kun gama ka zagayo gida. Na shanya katifarka, na murza maftul, kuskus ɗinmu, da hannuna, akwai dakwalwa ɗaya da na ware, na gaya mata ranarta. Akwai sauran kwalbar mishmish ɗaya daga nunar ƙarshe da na tsinka kafin su rufe ƙofa. Shekara biyu ina hana kaina ita. Tare za mu buɗe.

Wasiƙar bayanin da ka ce ba ta iso ba tukuna. Ba komai. Wane bayani ya rage?

Kakarka.


Bait Rummana, 21 ga Fabrairu

Mitri,

Ina fata kun sauka lafiya. Ni ma lafiya.

Abu Yazan ya tsaya da alfadarinsa a bakin kwari ranar sha biyu, tun fitowar rana har azahar. Ya koma ranar sha uku don Dalia ta roƙe shi. Shi kaɗai ba ya iya shiga, sai da mai gado, in ba haka ba su ce ɓarawo ne su ƙwace dabbar.

Wasiƙar bayaninka ta iso ranar sha tara, wata biyu tana yawo. Yanzu na gane. Ayarin coci ne, mutum talatin, kun zo ku yi wa inabin Yahudawan da suka kafa gari a kan tudu aski kyauta, don ku sami rabo cikin alkawari. A wurinsu za ku kwana. Fasto ya ce ba mai ƙetarowa gefenmu, akwai haɗari. Na duba gidan nan lungu-lungu ina neman haɗarin. Ni ce da kaji.

Laifina ne. Ka rubuta za ka yi aiki a tudun garinmu, ni kuma na karanta abin da raina ke so. Aji uku ke nan.

Amma na gan ka. Ranar sha huɗu Umm Taufik ta kira ni soro, ta ce ga wata farar bas ta tsaya a hanyar kan tudu. Ta ɗauko madubin hangen nesa na marigayi mijinta, muka riƙa karɓa-karɓa. Mutane suka fito duk da hula ruwan ɗorawa. Ta ce, "Ba za ki gane shi ba, duk iri ɗaya ne." Na ce, "Duba na ukun daga hagu, wanda hular ta zauna a kan kunnuwa." Ta duba, ta miƙo mini madubin, ta sauka daga soron. 

Na ɗaga maka mayafina. Tsakaninmu bai kai tafiyar da kake yi in na aike ka sayen gishiri ba.

Dakwalwar mun cinye ta da Umm Taufik. Ta yi tauri.

Kakarka.


Oklahoma, 6 ga Maris

Sitti,

Ina gaishe ki. Mun sauka lafiya. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara.

Wasiƙarki ta Janairu ta same ni saura kwana biyar mu tashi. Na ga kin fahimci wani abu dabam, na rasa yadda zan yi. Na ce in mun isa zan sulale kwana ɗaya. Amma tare ake ci, tare ake addu'a, ana ƙirga mu a ƙofar bas, kuma ni ne mai yi musu tafinta. Mutanen da suka sauke mu ba su yi mini komai ba sai alheri. Matar gidan ta ce kakanninta an kore su daga ƙasa uku, nan ne kaɗai ba mai korarsu. 

Ranar da kika gan mu, Fasto ne ya sa a tsayar da bas a saman kwari. Ya nuna gonakin inabi kore shar a dama. Sannan ya nuna hagu ya ce, "Ku dubi yadda ƙasa ke zama kango in ba 'ya'yanta ne ke riƙe da ita ba. Ƙaya da sarƙaƙiya. Tana jiran masu ita." Na bi yatsansa da ido. Ɓauren na fara ganewa. Matakan duwatsu biyu sun zube. Mishmish ɗin bakin rijiya ya yi fure fari fat, ba wanda ya gaya masa an rufe ƙofa.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Mich, kai ɗan yankin nan ne da Allah ya buɗe wa ido. Yi mana addu'a ƙasar nan ta koma hannun masu ita." Duk suka sunkuyar da kai. Sitti, na yi addu'ar. A zuciyata ke nake nufi. Sun ce amin.

Da za a koma bas na gangara da gudu, na sa wani ya ɗauke ni hoto jikin ɓauren, na cire hular kamar yadda kika ce. Ga shi nan na sa miki. Ki ba lauya, ko zai nuna mai gado ya zo.

Ban ga mayafinki ba. Ban ɗaga kai wajen gari ba.

Bayan naɗi, da kaka, zan zo ni kaɗai. Na yi alkawari.

Mitri.


Bait Rummana, 20 ga Afrilu

Mitri,

Almasihu ya tashi. Ina gaishe ka da iyalinka. Na yi mura a makon azumi na ƙarshe, ta wuce. Gwiwa ta yi shiru, damina ta ƙare.

Hotonka ya iso ana jibi zama. Ka yi ƙiba. Na kai wa Dalia, ta dube shi, ta kashe sigarinta ta ce, "Umm Jiryis, mayar da shi jaka, kada kowa ya gani. Mai gado tsaye cikin ƙaya har ƙugu, ai wannan shaidarsu ce, ba tamu ba." Ashe ma ba sa bukatarsa. Suna da nasu da suka ɗauka daga sama, na shekara uku, a jere. Zaman bai kai tsawon sujadar safe ba. Na miƙe na ce, "Ku kuka rufe ƙofa, ku kuma kuke tambaya me ya sa ba a noma ba." Mai shari'ar ya ce maganar ƙofa ta wani ofishi ce. Dalia ta ce za ta ɗaukaka ƙara, amma ba ta kalle ni ba da take faɗa.

Bayan Ista da kwana uku motar tono ta shiga. Daga soro na kalla, Umm Taufik ta bar mini madubin gaba ɗaya. Duwatsun kakanka na shekara goma sha ɗaya kafin la'asar sun zama tsibi guda. Ɓauren sun bar shi, ina jin don inuwar ma'aikata. An ce inabi za a dasa. In kun dawo da ayarinku baɗi za ka sami abin yi wa aski, kuma ba sai an nuna maka hanya ba.

Ka ce da kake addu'ar ni kake nufi. Na yarda. Allah ya ji zuciyarka, mutum talatin sun ji bakinka.

Kwalbar mishmish na buɗe ta ranar Ista, na raba wa Abuna da Dalia da Abu Yazan. Kada ka zo da kaka saboda gona, babu ita. In saboda ni ne, ƙofata ba ta neman takarda, katifar ma tana nan. Sai dai kada ka yi mini alkawari. Alkawari ya ishe ni haka a garin nan.

Saura kacici-kacici. Wata shida ka kasa, alhali amsar tana cikin wasiƙar da na yi maka tambayar. Na rubuta maka baro-baro shekara biyu ban taka gona ba. Da ka karanta da idon da kake karanta littafin fastonka, da ka tambayi kanka inda tsohuwa ta samo ƙasar gona. Kai ka ce musu daga gonar kakanka take, ni ban ce ba.

Ƙasar akurkin kajina ce. Daga nan na ɗebo ta da cokali, na tankaɗe, na cika gwangwanin gahawa. A kanta bagaden cocinku yake tsaye.